Wabi ko FOXP3? Lamarin ƙanwata a Daura da ɗanta na biyar

Na daɗe ina son rubuta wannan lamarin ina fasawa saboda abin na cikin gida ne, sai da mai abin da kanta tace Yaya ka rubuta ko wata za ta huta da irin maganganun da na sha, amma kar ka kama suna. To ba zan kama ba. Ni ma'aikacin lab ne a wani asibiti cikin Katsina, jini da fitsari da bayan gida su ne abokan hirata tun safe har yamma, amma asalina Daura, can tsofaffinmu suke. Wadda abin ya samu ɗiyar Inna ce, ƙanwar mahaifiyarmu ciki ɗaya, gida guda muka tashi, a wurina ƙanwa ce kawai ba wani dogon lissafi.

Haihuwarta biyar. Ta fari mace, tana nan har ta kusa gama firamare. Na biyu namiji, wata uku ya yi ya koma, zawo. Ta uku mace, lafiyarta ƙalau har da ƙiba. Na huɗu namiji, arba'in kaɗai ya cika shi ma zawo da ƙuraje suka tafi da shi. Daga nan dangin miji suka fara ƙus-ƙus wai wabi take yi, amma wabin nata mai zaɓe ne tunda mata na zama maza ke komawa, sai fassara ta rabu, wasu sukace nononta ne baya karɓar namiji, wasu sukace aljani ne ya aure ta yake kishi da ɗa namiji. Rubutu kam ta sha har ta gaji, hayaƙi kuwa har kayan sawarta sun riƙe warin. Ni kaina in faɗi gaskiya lokacin ban kawo komai a raina ba, yara nawa zawo ke kwashewa a ƙasar nan duk damina, na ɗauka ruwan sha ne da ƙarar kwana, kuma fa ina aikin lab.

Na biyar ɗin shi ne lamarin. An haife shi cikin hunturu a asibiti, kilo uku ba kaɗan, ya yi kuka ya kama nono, ba wanda zai kalle shi yace akwai matsala. Ranar suna kakarsa ta wajen uba ta laƙaba masa Ajuji ta sa aka huda masa kunne ɗaya, kun san dalili. Kwana 19 da haihuwa zawo ya fara, ba irin kashin jarirai mai laushi da kowa ya sani ba, ruwa ne tsululu kamar an kunna famfo, sau goma sau sha biyar a yini, sai kuma fatar kumatunsa da wuya da bayan gwiwa ta yi ja tana tsattsafo da ruwa tana ɓawo, yaro sai murza fuska yake a jikin zani saboda ƙaiƙayi. Hajiya uwar miji ta sa aka tatsi nono a ludayi aka jefa tururuwa, tururuwa ta mutu, to dama wace tururuwa za ka nutsar a ruwa ta fito tana rawa, amma shikenan an yanke hukunci, nono mugu ne a cire shi. Aka koma madarar gwangwani. Kwana biyu tsakani zawon ya ninka har da ɗigon jini, fatar kuwa kamar an watsa masa ruwan zafi.

Ni ban samu zuwa ba sai wata Asabar yana da sati shida. Ina zaune tsakar gida kan tabarma ana gaisawa sai idona ya kai kan tsummokaran da aka cire masa aka tara gefen rariya kafin a wanke, kiyashi ne baƙi ƙirin kan na fitsarin, sun yi layi tun daga gindin katanga. Gabana ya faɗi. Dama ina yawo da na'urar gwada suga a jaka saboda mahaifiyarmu tana da shi, nace a miƙo mani shi, na soki diddigensa, na'ura ta yi ɗan shiru ta rubuto HI, wato ya wuce iyakar abin da take iya ƙirgawa. Nace ƙila tsinken gwajin ne ya lalace, na wanke ƙafar na canza wani, HI dai. Jaririn sati shida da suga. Ƙanwar tawa ta kalle ni tace Yaya lafiya, nace tashi ki haɗa kaya yau a Katsina za mu kwana. Mijinta tela ne, mutumin kirki wallahi, ya rufe shago ya samo mota muka bi ta Mashi, kafin isha'i muna ɗakin gaggawa na yara.

Abin da aka fara zato shi ne abin da kowane likita zai zata a nan, ko cuta ta shiga jini, ko tamowa, ko ƙanjamau daga uwa. Aka sa masa ruwa, aka fara allurar antibayotik, aka fara insulin ɗan mitsitsi wanda sai an sirka shi kafin a iya aunawa. Gwajin ƙanjamau na uwar ya fito babu. Bayan gidansa ni na duba da hannuna sau uku, ba tsutsa ba ƙwan tsutsa, an shuka shi ba abin da ya tsiro na a zo a gani. Abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai, ko an hana shi komai ta baki an bar shi da ruwan jijiya kaɗai zawon baya tsayawa, alhali zawon da abinci ke jawowa in ka ɗauke abincin yakan lafa. Sannan da na shafa jininsa a gilashi na rina na leƙa maikiroskof, wasu fararen ƙwayoyin jini da muke kira iyosinofil, masu ɗigo-ɗigon ja kamar an barbaɗa musu yaji, su ne ko'ina, duk inda na juya gilashin sai na ci karo da su. Mu a nan in ka ga haka tsutsar ciki kake fara tunani, to ga jariri ba tsutsa. An aika jini Kano aka auna IgE, antibodin da ke tashi lokacin borin jini, ya dawo a sama ƙwarai.

Wata likitar yara ce, mace mai natsuwa, ta kamo bakin zaren, kuma ba da wata na'ura ba, da biro ne a bayan fom ɗin lab. Ta zaunar da ƙanwata da Inna tace Mama ke haihuwarki nawa. Inna tace shida Likita, huɗu suka tsaya, mata uku namiji ɗaya. Waɗanda suka koma fa? Inna ta yi shiru tace duk maza ne, ko zama basu fara ba, gudawa ce. Sai kuma da kanta ta ƙara, ai mu ma Iya haka ta yi, maza biyu ta binne suna goye, kawunsu shi kaɗai ya tsaya. Likita tana zana da'ira wa mace, akwati wa namiji, wanda ya rasu yana jariri ta cike shi da baƙi. Da ta gama ta juyo mani da takardar tace kai ɗan lab ne, me ka gani. Akwatuna shida baƙaƙe a zuri'a uku, ba da'ira baƙa ko ɗaya, kuma duk ta hannun mata abin ke gangarowa. Kunya ta kama ni, domin wannan zanen na yi shi a jarrabawa, a gidanmu ne ban taɓa tunanin yi ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Mace tana da kuromosom X guda biyu, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, namiji X ɗaya da Y ɗaya, kuma X ɗin namiji daga uwarsa yake. In akwai lalatacciyar ƙwayar gado a kan X, mace tana da na biyu da zai rufa mata asiri, namiji bashi da wurin fakewa. In uwa tana ɗauke da lalataccen, kowane ciki na namiji rabi da rabi ne, ko ya ɗauko mai kyau ko ya ɗauko lalataccen.

Likitar tace duk jaririn da suga ya kama shi kafin wata shida kusan kullum ƙwayar gado guda ɗaya ce ta jawo, ba irin sugan manya bane. Masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila ne suka yi suna a wannan fannin, su suka gano a 2004 cewa da yawa cikin irin waɗannan jariran matsalarsu a wata ƙwayar gado ce mai suna KCNJ11, kuma masu ita ana iya ɗauke su daga allurar insulin a mayar da su kan ƙwayar maganin suga gilibenkilamaid da tsofaffinmu ke sha. Ni na rataya raina kan wannan, ina ta addu'a Allah Ya sa shi ne. Ita kuwa likitar bata yaudare ni ba, tace wancan baya zuwa da zawo da fata irin wannan kuma baya zaɓar maza, abin da take zargi ana kiransa IPEX, ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa hanji da fata da gaɓar da ke yin insulin. An ɗebi jinin ɗan da na uwar aka aika Ingila, bayan sati bakwai sakamako ya dawo ta imel, canji a ƙwayar gadon FOXP3, daidai ɓangaren da furotin ɗin ke kama DNA da shi. Uwar tana da mai kyau ɗaya lalatacce ɗaya. Cikin mazan shi kaɗai aka tabbatar da gwaji, sauran shidan zato ne mai ƙarfi daga zanen biro.

To menene FOXP3 ɗin nan. Kowace ƙwayar halitta a jikinka, ta fata ce ko ta hanta ko ta ƙwaƙwalwa, kundi iri ɗaya take ɗauke da shi, wato DNA, mai shafuka wajen 20,000 da ake karantawa a ƙera furotin. Abin da ya sa ta hanta ta zama hanta ta fata ta zama fata shi ne wane shafi aka buɗe aka kwafa, wane aka bari a rufe. Akwai wasu furotin da aikinsu kenan, su hau kan DNA su buɗe wannan shafin suce a kwafa, su ɗora hannu kan wancan suce a bar shi, kamar malamin da ke zaune da kundi a cinya yana zaɓar wa kowane almajiri abin da zai rubuta a allo. Zan kira su masu buɗe shafi. FOXP3 ɗaya ne cikinsu, kuma almajiransa wasu ƙwayoyin T ne na musamman.

Ƙwayoyin T su ne 'yan sa-kan jiki, su ke farautar cuta, kuma mu 'yan Katsina ba sai an yi mana dogon bayani ba kan abin da ke faruwa in matasa suka ɗauki makami don kare gari babu dattijon da zai ce musu ya isa. Ana horar da su a wani ɗan nama bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, a can duk wanda aka ga yana ɗaga makami kan ɗan gida ana kawar da shi. An daɗe ana ɗauka wannan tantancewar ta wadatar, ashe wasu na sulalewa su fito, kowannenmu yana yawo da su a jini. Me ya hana su cinye mu? A 1969 wasu masu bincike a Japan suka cire taimos ɗin 'ya'yan ɓeraye suna kwana uku da haihuwa, maimakon garkuwar ta yi sanyi kawai sai ta haukace ta afka wa gaɓoɓin ɓeran. Wani matashin likita Shimon Sakaguchi ya riƙe wannan a ransa cewa lallai akwai wasu ƙwayoyi masu tsawatarwa da taimos ke fitarwa, alhali a shekarun 1980 maganar ta zama abin dariya a wurin masana, kowa ya watsar da ita. Shi dai ya nace, sai a 1995 ya nuna su, ƙwayoyin T ne masu alamar CD4 da CD25 a jikinsu, in ka tsame su daga ɓera ciwo ya tashi, in ka mayar ya kwanta. Su ake kira Tireg a taƙaice, ni dattawa nake ce musu, kuma basu da yawa, kamar 5 zuwa 10 cikin 100 na ƙwayoyin CD4 da ke jini.

Ɗaya ɓangaren labarin daga Amurka ya fito. A ƙarshen shekarun 1940 a ɗakin binciken Oak Ridge da ke jihar Tenesi, inda ake nazarin illar tururin nukiliya kan ɓeraye, aka ga wani dangin ɓera da mazansu ke fitowa da fata mai ɓawo, saifa ta kumbura, kaluluwa ko'ina, su mutu cikin sati uku zuwa huɗu, matan kuwa garau. Da na karanta wannan sai da na ajiye waya, wabin ɓeraye kenan mai zaɓar maza. Aka yi ta kiwon dangin nan shekara da shekaru ba a san dalili ba, har Mary Brunkow da Fred Ramsdell, suna aiki a wani kamfanin magani kusa da Siyatil, suka bi diddigi a lokacin da irin wannan aikin ke cin shekaru, suka taƙaita wurin zuwa ƙwayoyin gado 20, suka duba su ɗaya bayan ɗaya, sai a ta ƙarshe suka samu, ita ce FOXP3 ɗin nan, harafi biyu ne suka ƙaru inda bai kamata ba. A 2001 suka wallafa, a shekarar kuma aka tabbatar ita ce dai ke lalacewa a yara masu IPEX, ciwon da aka fara bayyana shi a 1982 a wani dangi a Amurka. A 2003 Sakaguchi da wasu ƙungiyoyi, har da ta Alexander Rudensky, suka haɗa zaren biyu, suka nuna in ka cusa FOXP3 cikin ƙwayar T ta gama-gari sai ta koma mai tsawatarwa.

Yadda yake aikin ne ya fi burge ni, domin ba shi kaɗai yake yi ba. Akwai wani mai buɗe shafi NFAT da ke cikin duk ƙwayoyin T. In ya haɗu da abokinsa AP-1 sai su buɗe shafukan yaƙi, musamman na IL-2, sinadarin da ke zuga mayaƙa su hayayyafa. NFAT ɗin nan dai in FOXP3 ne ya zauna gefensa sai ya rufe shafin IL-2 ya buɗe na CTLA-4 da CD25, zama da maɗaukin kanwa kenan. CTLA-4 furotin ne a jikin dattijo, yana zuwa ya ƙwace alamomin da ake nuna wa mayaƙa kafin su tashi, CD25 kuma kamar soso yake, yana tsotse IL-2 da ke wurin mayaƙa su rasa abin zuga, ga kuma wasu sinadaran kwantar da tarzoma irin su IL-10 da TGF-beta da dattawan ke saki. Kuma dubi dabarar, su dattawan basa yin IL-2 amma basa rayuwa sai da shi, in ya taɓa CD25 ɗinsu sai wani mai buɗe shafi STAT5 ya ruga ya ƙara buɗe shafin FOXP3 ɗin kansa. Ma'ana duk lokacin da mayaƙa suka yi zafi, da hannunsu suke ciyar da waɗanda za su tsawatar musu. Shi ya sa yaron da CD25 ɗinsa ko STAT5b ɗinsa ya lalace yakan zo da ciwo mai kama da IPEX ko da FOXP3 ɗinsa lafiya lau, kuma wannan har mata yana kamawa tunda ba kan X suke ba.

Akwai kuma maganar ɗorewa. Ƙwayar T ta mutum in ta yi zafi takan ɗan kunna FOXP3 na ɗan lokaci ta kashe, wannan bai mai da ita dattijo ba. Dattijon gaske shi ne wanda aka goge masa wasu ƙananan tambura na metil daga wani yanki na shafin da ake kira CNS2, sai shafin ya zauna a buɗe ko ƙwayar ta rabu gida biyu. Sannan dattijo baya shiga kowace rigima da riga ɗaya, in rigimar irin ta mayaƙan da ke faɗa da bairos ce sai ya ari T-bet, mai buɗe shafin su mayaƙan, don ya iya bin su inda suka taru, in ta masu jawo borin jini da IgE ce sai IRF4, in ta wani rukunin mayaƙa da ake kira Th17 ce sai STAT3, a hanji kuma akwai waɗanda ke ɗauke da mai buɗe shafi RORγt, ƙwayoyin bakteriyar hanji ne ke taimakawa wurin samar da su. Anan na gane me ya sa hanjin yaron nan ne ya fara faɗuwa. Hanji ne bakin kasuwar jiki, kullum baƙi ke shigowa, nono, madara, bakteriya, in babu mai cewa wannan baƙon alheri ne sai a far wa baƙo da masaukinsa gaba ɗaya, 'yan yatsun da ke cikin hanji masu tsotse abinci su shafe, shikenan abin da ya shiga ya wuce. Furotin ɗin madarar shanu kuwa baƙo ne da ya fi nonon uwa baƙunta nesa ba kusa ba.

Dattawan ma in suka yi yawa inda bai dace ba matsala ce, ciwon daji yakan tara su kewaye da kansa su hana mayaƙa taɓa shi, kuma maganin da ke toshe CTLA-4 don a saki mayaƙa kan daji, wanda aka amince da shi a Amurka a 2011, cikin manyan illolinsa akwai zawo mai tsanani da ƙurajen fata, kusan abin da na gani a gadon yaron nan.

Magani fa. Tun kafin sakamako ya dawo likitar ta fara masa sitiroyid don danne garkuwar, aka nemo wata madara ta musamman da aka riga aka farfasa furotin ɗinta, gwangwani ɗaya kuɗin ɗinkin sati guda na ubansa, dangi aka yi ta karo-karo. Zawon ya ragu zuwa sau huɗu sau biyar, fatar ta fara bushewa, har ya ƙara 'yan giram, rannan ya yi wa uwarsa murmushi ta kira ni a waya tana kuka. Magungunan da ake ɗorawa a kai biyu ne sanannu, takarolimus da sirolimus. Na farkon yana toshe hanyar NFAT ne, to yana kwantar da mayaƙa amma yana rage IL-2 da dattawa ke rayuwa da shi, na biyun, wanda asalinsa daga wata bakteriyar ƙasa ce ta tsibirin Rapa Nui, ya fi danne mayaƙa ya ɗaga wa dattawa ƙafa, shi ya sa masana da yawa suka fi son sa a wannan ciwon. Dukkansu sai ana auna yawansu a jini akai-akai. Waraka ta gaske dashen ɓargo ne, kuma ba sai ɓargon mai bayarwa ya maye na yaron duka ba, in aka samu dattawa lafiyayyu ko kaɗan ne sukan riƙe gari, wanda shi ne dalilin da uwarsa, da alama Inna ma, ke yawo lafiya da X ɗaya mai kyau. A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 saboda sikila, amma jariri mai kilo uku da rabi da suga da hanjin da ya ɗaye wani zance ne daban, mun fara tambayar waje kenan.

Bamu kai ko'ina ba. Garkuwar da ake dannewa don kar ta cinye shi ita ce kuma za ta kare shi, fatarsa a farfashe, ga robar jijiya a jiki wata da watanni. Zazzaɓi ya shigo wani dare, kwana uku ana fama, ya rasu yana da wata biyar ba 'yan kwanaki. A Daura aka binne shi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne zaman da aka yi bayan sadakar bakwai. Na ɗauko takardar zanen nan ina ganin na zo da abin da zai wanke ƙanwata, na yi bayani dalla-dalla, ba nono bane ba iska bace, ina rufe baki Hajiya tace to ai maganata ce ta fito ɗan nan, daga wajenta ne. Wallahi sai na rasa ta cewa, domin sikila mutane sun fara ganewa tunda uwa da uba kowa ya kawo nasa ba mai nuna wa wani yatsa, wannan kuwa ilimin da kansa yace ta hannun uwa ya zo, kuma ni na kawo shi da bakina gaban dangin miji ba tare da na yi tunanin kunnen da zai ji ba. Mijin ne ya cece ni. Kansa a ƙasa yace Hajiya ki yi haƙuri, ita ma gada ta yi bata zaɓa ba, kuma Likita ta gaya mani abin da ke sa ciki ya zama namiji daga wajena yake, da irin na 'yan matan nan na ba shi da yana nan, to in laifi ne mu biyu ne. Hajiya bata ce komai ba, amma ban ƙara jin zancen tururuwa ba.

Kar wani ya karanta wannan ya ɗauka duk zawon jariri IPEX ne, waɗanda aka rubuta labarinsu a duniya 'yan ɗaruruwa ne kawai, zawon yaranmu mafi yawa ruwa ne da ƙazanta da yunwa, maganinsa ruwan gishiri da suga da zinki da ci gaba da nono. Abin da ya bambanta wannan haɗuwar uku ce, zawon da baya jin komai, fata, da suga a jariri namiji, ga kuma kawunnai da suka koma suna goye.

A namu ɓangaren lissafi bai ƙare ba. Mahaifiyarmu da Inna uwarsu ɗaya, to ita ma rabi da rabi ce tun asali, sai dai mu maza uku ta haifa duk muna raye, na zauna na buga lissafin ya sauko zuwa ɗaya cikin tara, bai kai sifili ba, kuma ina da ƙanwa da ake maganar aurenta. 'Yan'uwan ita mai lamarin mata biyu, ɗaya ta yarda a gwada ta, ɗayar tace ita bata son sani, ban matsa mata ba. 'Yan matanta biyu kuma likita tace a bari su girma su zaɓa da kansu.

Ranar Litinin 6 ga Oktoba 2025 ina lab na ga labari a waya an ba Brunkow da Ramsdell da Sakaguchi kyautar Nobel ta fannin likitanci kan wannan aikin dai, har ana ta dariya wai shi Ramsdell yana can yawon duwatsu ba sabis an kasa samunsa a gaya masa. Na kira ƙanwata mai lamarin na gaya mata, tace wato mutanen da suka gano ciwon ɗana ne, nace su ne, tace Allah Ya saka musu, sannan ta yi shiru tace Yaya dama ina son ganinka.

Ciki ne da ita, yanzu ya shiga wata na biyar. Likitar ta riga ta tsara, in namiji ne a Katsina za ta haihu, a ɗebi jini ranar a aika tunda yanzu an san daidai harafin da za a duba, a riƙa auna suga tun satin farko, kuma ba mai cire shi daga nono sai da maganar likita. Jibi ne za a yi sikanin, tace in zo in raka ta, kuma in an ga namiji ne kar in faɗa a mota, in bari sai mun sauke Hajiya a gida.